Ranar da Muka Share Lambu

Tun kafin a kafa turke ko ɗaya a lambun garinmu, da damuwata nake kwana, da ita nake tashi, kuma damuwar ba ta wuce yaye ba. Yarona ya kusa shekara biyu, haƙora sun cika masa baki. Duk wadda ta gan shi sai ta ce, "Wanga ƙato har yau shina sha?" Ni kuwa in yi murmushi in gyara goyo.

Dalili shi ne 'yar farina. Da lokacin yayenta ya yi, aka bi al'ada, aka kai ta wurin mahaifiyata a wani ƙauye can wajen Sabuwa. Bazara ce, rijiyoyinsu duk sun ƙafe, ba ruwa sai na wani kududdufi da shanu ke shiga. Ba ta daɗe can ba gudawa ta kama ta. Kafin saƙo ya iso mu mu tafi, an riga an rufe ta. Da yake 'yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba tana da rai, da ta rasu kuma ba a so a ga hawayena. A bayan rumbu na yi kukana. Ba wanda ya ce mini ruwa ne ya yi sanadi, amma na ga ruwan da idona a cikin randar mahaifiyata, kamar kunun kanwa.

Shi ya sa da na sami wannan yaron na roƙi uwar mijina, wadda muke kira Inna, cewa in lokaci ya yi a yaye shi a gida, a ɗakinta, kada a kai shi ko'ina. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce to. Abin da na dogara da shi, bayan Allah, rijiyar lambu ce.

Garinmu yana kan hanyar da ke fita daga Faskari ta nufi Ƙanƙara, lambun kuma yana bakin hanyar, daidai ƙofar gidanmu. Tun zamanin En'e aka dasa shi, ba gonar kowa ba ce, na gari ne. Akwai mangwaro da gwaiba da lemun tsami, da layin bedi a gefen hanya, da wata tsohuwar tsamiya da ta girmi lambun kansa. Rijiyar tana tsakiya. Ban taɓa jin ta ƙafe ba, kuma ruwanta garau yake, da sanyi ko da tsakar rana. Mijina ya tafi Kaduna aikin leburanci wurin masu gini, kamar yawancin samarin garin a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, saboda haka ni ke fita ɗibar ruwa da kaina. Na san wurin kamar tsakar ɗakina. Na san reshen da mata ke rataye guga, da inda wanzami ke shimfiɗa buzunsa, da gindin tsamiyar da tsofaffi suka haƙa ramukan dara har ƙasar ta yi sulɓi. Kullum bakin rijiyar caɓa-caɓa yake, agwagi na ta wasa a ciki.

A shekarun nan komai gini ne. Manyan motoci na wucewa da siminti da kwanon rufi, ƙararsu ta tashe mini yaro daga barci. Wata safiya na fita da tulu, sai na ga wasu mutum uku da dogon awo suna kafa turaku masu jan fenti. Turke ɗaya a gindin lemun tsami, ɗaya bayan tsamiya, ɗaya kuma taku kaɗan daga bakin rijiya. Kafin azahar labari ya gama gari. Wani Alhaji ɗan kwangila ne ya samu aikin gina tashar mota da layin shaguna, kuma ya ce wannan fili ne da ba a amfani da shi. Za a sare itatuwa, a cike rijiya. Wai daga baya za a kawo famfo.

Saura wata biyu bazara ta kama, yayen kuma a cikinta zai faɗo. Da na ji an ce za a cike rijiya sai na ajiye tulun na zauna a ƙasa.

Maza sun yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Suka taru ƙofar Mai gari har sau uku. Malamin makarantar boko ya rubuta musu takarda, kowa ya dangwala yatsa, har Maguzawan ƙauyukan bayan dutse suka aiko manyansu suka dangwala, don su ma a lambun suke sauka ranar kasuwa. Aka tashi mutum biyu suka kai takardar Funtuwa. Bayan kwanaki aka aiko cewa wani ma'aikaci mai duba filaye zai zo ranar Talata ya gane wa idonsa, abin da ya rubuta kuma da shi za a yi aiki.

To, nan ne muka yi abin da muka yi.

Mu mutanen karkara, in babban baƙo zai zo, mun san abu ɗaya: a gyara wuri. Ranar Litinin mai shela ya kewaye gari da ganga. Gobe ba wanki a lambu, ba shanya, ba ɗaure jaki, ba dara, ba aski. Kowa ya ɗebi ruwansa yau, gobe ba a son ganin mace a bakin rijiya. Muka fita da tsintsiya, ni ma har da ni. Muka share lambun nan tas, ko ganye ɗaya ba mu bari ba. Aka kwashe kashin jakai, aka kwance igiyoyin shanya, aka ɗauke gugogi da igiyoyinsu duka. Caɓin bakin rijiya aka zuba masa yashi aka daddaɓe. Ramukan dara aka cike su. Aka kore agwagi. Aka jera duwatsu daga bakin hanya zuwa gindin tsamiya, aka shafa musu farar ƙasa. Da muka gama, wallahi wurin ya yi kyau, har muna yaba wa juna.

Ranar Talata da hantsi motarsu ta iso, irin mai ƙirar akwati da ma'aikata ke shiga. Ni ina daga cikin gida, na sa ido a wata kafa ta zana, yaro yana bayana. Ma'aikacin saurayi ne, siriri, da tabarau da littafi a hannu. Alhaji ɗan kwangila yana biye da shi, babbar rigarsa tana ta ƙamshi har inda nake. Dattawa suka tarbe shi, suka zaunar da shi a kujera, aka ba shi lemon kwalba. Aka yi jawabi, aka sake yin jawabi. Ya saurara da ladabi. Sannan ya tashi ya ce zai zaga.

Na bi shi da ido. Ya tsaya bakin rijiya ya leƙa. Ya dubi reshen da ke sama, ba guga. Ya dubi ƙasa, busasshen yashi da sawun tsintsiya. Na ga ya sa bakin takalminsa ya ɗan tona yashin, ya tsaya. Ya juyo ya tambayi dattawa, "Su wa ke shan ruwan nan?"

"Duk gari, ranka ya daɗe," in ji su baki ɗaya.

Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Ba mace, ba yaro, ba ko kaza. Alhaji ɗan kwangila kuwa hannu kawai ya buɗe ya nuna wurin, ya ɗan karkata kai. Ma'aikacin ya buɗe littafinsa ya yi rubutu. A lokacin ban iya karatun boko ba, amma wannan rubutun ban buƙaci a karanta mini shi ba.

Ina nan tsaye sai na ji sallama a zaure. Direbansu ne, wani dattijo mai furfura, yana neman ruwan sha. Na rufa mayafi, na miƙa masa a ƙwarya. Ya shanye, ya ce in ƙara.

"Kai, wannan ruwa da daɗi yake. Daga ina kuke ɗebo shi?"

Na ce, "Daga rijiyar can, Baba."

"Waccan? Ai na zaci matacciya ce. Na je in sha, ko guga babu." Ya goge baki. "To Allah ya yi albarka. In mun juyo daga Ƙanƙara ranar Alhamis, zan tsaya in cika gorata."

Da la'asar dattawa suka watse suna murna. Na ji su suna wucewa ta bayan zana, wani yana cewa baƙon ya ga tsabtarmu, wani yana cewa ai ko a Funtuwa ba za a yi masa tarbar da ta fi wannan ba. Ni kuwa na kasa cin tuwo. Inna ta lura.

"Ke, mi ya same ki? Ko yaron ne ba lafiya?"

Na ce lafiyarsa lau. Na yi ta juya maganar a bakina, don ba tarbiyya ba ce yarinya kamata ta ce dattawa sun yi kuskure. Daga ƙarshe na ce, "Inna, mutumin nan fa bai ga kowa ba."

"Bai ga kowa ba kamar yaya? Mai gari da liman da sarkin noma ba mutane ba ne?"

"A rijiya nake nufi. Shi Alhajin ya ce ba a amfani da wurin. Mu kuma muka share shi, muka kwashe komai, muka ɓuya. Abin da Alhajin ya faɗa, shi muka nuna mashi."

Inna ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, komi sai kin ga baƙinsa." Amma ba ta ɗauki mazarin ba. Na gaya mata yadda ya tona yashi da takalmi, da abin da direba ya ce. Sai ta ce, "Matacciya? Haka ya ce?" Ta tashi ta jawo mayafinta.

Inna da Mai gari taubasai ne, ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, saboda haka abin da ba wanda ya isa ya gaya masa, ita tana gaya masa a gaban kowa, a yi dariya. Ta ce in biyo ta in riƙe mata sanda, na san kuwa so take in ji. Muka ishe shi ƙofar gida kan buzu da mutanensa.

"Bawana, an wuni lafiya? Na zo yi maka barka. An ce ka yi wa rijiya wanka, ka sa mata likkafani, saura salla."

Ya yi dariya. "Wagga tsohuwa, wa ya bar ki kika fito? Rana ba ta faɗi ba, kada ki tsorata yara."

"Ni ce zan tsorata su? Kai da ka kori gari duka daga lambu don baƙo ya ga rawaninka. To ya gani. Ya kuma ga wurin da ba kowa."

Dariyar ta ɗan ragu. Ta kwashe duk abin da na gaya mata ta faɗa, ba ta ce daga bakina ta ji ba, ni kuma na gode mata a raina. Wani daga cikin mutanensa ya ce ai ba a tarbar babban mutum cikin kashin jakai. Inna ta ce masa, "Kashin jakan nan shi ne shaidarku, kuka kwashe kuka zubar." Mai gari ya kai hannu ga rawaninsa kamar zai sosa kai, ya fasa. Ya ce, "To yanzu mi za a yi? Ya riga ya rubuta."

"Jibi Alhamis za su biyo ta nan. Jibi kuwa kasuwa. Abu ɗaya nake so gare ka: kada ka yi komi. Kada ka sa a yi shela, kada ka fito da kujera. Ka zauna gida ka yi barci, ai ka iya."

Ranar Alhamis ba wanda ya shirya komai, kuma ban taɓa ganin lambun ya cika kamar ranar ba, ko don an hana mutane kwana guda ne. Matan Maguzawa sun sauke kayansu gindin mangwaro, doya da barkono da daddawa, jakansu a ɗaure jikin bedi suna ta kuka. Matan Fulani sun jera ƙoren nono a inuwa. An mayar da igiyoyin shanya, tsofaffi sun sake haƙa ramukan dara, wanzami yana yi wa wani aski. Gugogi kusan goma ke shiga rijiya suna fitowa, yashin da muka zuba ya koma caɓi, agwagi sun dawo abinsu. Ni tun hantsi nake ɗiban ruwa, na cika randunan gidanmu duka, na rasa inda zan zuba, amma na kasa komawa ciki. Duk ƙarar motar da na ji sai in ɗaga kai in dubi hanya. In ta bi wata hanya fa? In direban ya manta?

Bayan azahar motar ta iso. Ko da direban bai yi niyyar tsayawa ba dole ya tsaya, don jakai sun tare hanya. Inna ta taka da ƙwaryar ruwa har jikin tagar motar. Ba Alhaji a ciki, ma'aikacin ne kawai da direba.

"Ɗana, ranan ka zo garinmu aka ba ka ruwan kwalba, ba a ba ka namu ba. Abin ya tsaya mani a rai. Sauko ka sha."

Ya karɓa ya sha daga cikin motar, idonsa na kan lambun. Sannan ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya ce, "Inna, nan ne wurin da na zo shekaranjiya?"

"Nan ne."

"To ina mutanen nan suke ranar?"

"Mun ɓoye su. Kunyarka muka ji."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya shiga lambun yana tsallake kaya. Wata Bamagujiya, ƙatuwar mace mai lofe a baki, ta ɗaga murya ta ce, "Kai ne mai cike rijiya? To ka zo da wuri, don ni ce zan fara shiga, sai ka cike da ni." Matan suka kwashe da shewa. Wata ta ce, "In ke kika shiga ai ba sai an kawo ƙasa ba." Ya tsaya yana jin su, bai yi fushi ba.

Ya iso bakin rijiya, takalminsa ya nutse cikin caɓi. Ni ce kusa da shi, igiya a hannuna. Ya tambaye ni ko ba wata rijiya a garin. Na sunkuyar da kai na ce akwai, amma suna ƙafewa da bazara. Ya ce ai an ce za a kawo famfo. Na so in yi bayani. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yaye zan yi."

Ya dubi yaron a bayana, bai gane ba. Sai Inna ta matso. Tunda aka yi rasuwar ba ta taɓa tayar da maganar a gabana ba, ko sau ɗaya. Ta ce, "Ta farin, ruwan kududdufi ya ɗauke mana ita, wajen yaye. Wanga shi ya rage mata. Famfonku in ya zo muna so. Amma yaron ba ya jiran famfo."

Ma'aikacin ya miƙo hannu, na ba shi igiyar. Ya zura guga ya jawo da kansa, bai iya ba, rabin ruwan ya zube masa a wando, matan suka sake shewa. Ya dubi ruwan da ya rage a gugan. Ya buɗe littafinsa a nan tsaye, ya daɗe yana rubutu. Bai yi mana alkawarin komai ba. Direba ya cika gorarsa, suka tafi.

Turakun nan sun yi sati uku a tsaye bayan haka. Kullum da safe su nake fara dubawa. Rana ta fara zafi, rijiyar masallaci ta fara ja da baya, ba labari. Na rame har Inna ta fara yi mini faɗa. Sai wata safiya na ga mutanen nan uku sun dawo da awonsu. Na tsaya da tulu a ka, na kasa gaba na kasa baya. Ɗayansu ya kama turken bakin rijiya ya girgiza shi, ya tumɓuke, ya saɓa a kafaɗa. Haka suka bi sauran. An mayar da tashar can kan faƙon bayan kasuwa, inda ko ciyawa ba ta fitowa.

Ba duka muka tsira da shi ba. Layin bedin bakin hanya an sare shi da aka zo faɗaɗa titi, da gwaiba ta kusurwar gabas. Mai gari kuma har ya rasu yana cewa takardar da suka kai Funtuwa ce ta yi aiki, Inna tana ce masa barcin da ya yi ranar Alhamis ne. Ni ban sa baki ba.

Da bazara ta tsaya sosai muka yi yayen. Liman ya yi rubutu aka wanke da ruwan rijiyar aka ba yaron, na shafa maɗaci a nono, Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, taku goma daga nawa. Ya yi kuka kwana uku, ya ƙi kunu, ya cije ta a hannu. Ni kuma kowace safiya sai na faki ido na bi bayan ɗaki in duba kashin da ya yi. Lafiya lau. Rana ta huɗu na leƙa na same shi zaune tsakanin ƙafafunta, ya riƙe ludayi da hannu biyu, kunu har goshi. Ya dube ni, ya ci gaba da shan abinsa kamar bai san ni ba. Na koma ɗaki na kwanta da rana tsaka, na yi barcin da na yi wata da watanni ban yi ba, har Inna ta aiko a duba ko lafiya nake.

Lambun yana nan har yau, ko da yake gidaje sun kewaye shi. Daga baya mutanen gari sun ɗaure bakin rijiyar da siminti, suka yi mata murfin ƙarfe. In hanya ta biyo da ku ta wajenmu, ku tsaya ku sha, ba mai hana ku. Roƙona ɗaya ne: in kun gama, ku mayar da murfin, don yara ƙanana suna wasa a wurin.